Ƙofar Ruwan da Muka Toshe

Tsakanin ƙauyenmu da babbar hanyar da ke zuwa kasuwar Lolo akwai wata fadama mai faɗi. Da damina laka ce har gwiwa, da rani kuma ta tsattsage ta riƙa kama ƙafar jaki. Tun kafin a haife ni mutanen garinmu suka tayar da wata hanya ta ƙasa a tsakiyarta, suna gyara ta da gayya kowace shekara bayan an yanke gero. Ba wani kyau gare ta ba. Amma a kanta muke kai hatsi da busasshen kifi kasuwa, a kanta muke dawowa da gishiri da goro.

Mai kiran wannan gayya wani dattijo ne masunci daga cikin Dendawa, aminin mahaifina. Gidansa na unguwar masunta, can gangare a bakin kogin Kwara. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, shi ne ya tsaya a kaina. Shi ya koya mini tuƙa jirgi, shi ya riƙe hannuna ranar da aka kai ni elementare ina ta kururuwa kamar za a yanka ni. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata ko sunana ba ta kira saboda kunya, balle ta ce ɗana. Don haka duk duniya a bakin mutum ɗaya nake jin wannan kalma.

Yadda Baba ke kiran gayya abin haushi ne ga mai gaggawa. Zai cika aljihu da goro ya bi gari gida-gida. Ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya zauna ya tambayi lafiyar tsohuwar gidan, ya tambayi akuyar da ta ɓace bara ko an gan ta. Sai ya miƙe zai tafi, ya sa takalmi ɗaya, sannan ya ce, "Ran Talata muna bisa hanya." Shi ke nan. Kwana uku yake ɗauka kafin ya gama zagaye garin. Amma ranar Talata ba ka ganin namiji mai lafiya a gida, don wanda ya zauna a tabarmarka ya ci goro tare da kai, da wane ido za ka dube shi in ka ƙi fita?

A tsakiyar hanyar, inda wani ɗan rafi ke ratsawa, Baba ba ya yarda a cike. Yakan sa a bar wata kafa da faɗinta ya kai tsawon ƙaramin jirgi, a jera gumaguman giginya a kai a matsayin gada. Ƙofar ruwa muke ce mata. Jakuna sun tsane ta, sai an ja an tura suke hawa. Kwara kuwa sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina, wanda kowa ke ganin zuwansa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke isowa tsakiyar sanyi, watanni bayan ɗaukewar ruwan sama, daga can ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Wannan na biyun yakan bi ta ƙofar ya shiga fadama ya kwanta. Duk na san wannan tun ina yaro, irin sanin da mutum bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Sai dai shekara uku a jere baƙin ruwa ya zo kaɗan, bai ko kai rafin ba. Da damina ta wuce sai ƙofar ta bushe, awaki su riƙa kiwo a ciki.

A shekarar da aka samu mulkin kai na dawo gida da aikin koyar da ajin yaƙi da jahilci. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ina da alƙalami a aljihun gaba da agogon hannu wanda nake yawan dubawa ko ba inda za ni. Lokaci ne da kowa ke jin ƙasa ta dawo hannunsa. Mutanen Dahome da ke tsallaken iyaka su ma sun samu nasu kafin mu da ɗan lokaci, in an haɗu a kasuwa sai a yi ta tsokanar juna a kan wa ya riga wa. Gayyar hanya ta wannan shekara ta cika fiye da yadda aka saba. Mutanen ƙauyukan wajen Geza suka zo, Fulanin ruga suka zo, har da wasu daga tsallaken iyaka masu bin hanyar ranar kasuwa. Zagayen Baba na kwana uku ya koma mako guda da ɗori. Ranar aikin kuwa rabin mutane ba fartanya, kwanduna ba su isa ba, tuwon da mata suka kawo ya ƙare kafin ya kai ga na baya. Wasu suka kishingiɗa a gindin itace suna hira har la'asar. Aka tashi ana gunaguni.

Ba na son in yi wa kaina ƙarya yanzu da na tsufa: ana bukatar gyara. Mutum ɗaya da goro a aljihu ba zai iya riƙe jama'a mai yawan nan ba, abin da na kawo kuma ba shirme ba ne gaba ɗayansa. Na tara samari da 'yan kasuwa na ce mu mai da gayyar nan ƙungiya, mu raba ta ƙananan kwamitoci, kowanne da shugaba da mataimaki da mutum uku masu ba su shawara. Aka yi kwamitin hanya, kwamitin rijiya da share gari, kwamitin abinci na mata, sai kwamitin sanarwa masu kai takarda ƙauye-ƙauye. Duk wanda ya shiga ƙungiya a rubuta shi ƙarƙashin ɗaya daga ciki, ya san wanda zai saurara. Ni na zama sakatare, ba wanda ya ja da ni tunda ni kaɗai ke rubutu da sauri. Na samo littafi mai baƙin bango da usur irin na 'yan ƙwallo, muka shirya cewa busa uku a ƙofar masallaci na nufin kowa da kowa ya fito. Na kuma kafa wata doka da a lokacin nake ganin ita ce gwanintata: a babban taro shugabannin kwamiti kaɗai ke magana, mai wata magana ya kai wa kwamitinsa.

Abin ya yi aiki, kar in ɓoye. Taron da kan cinye yini ya koma ana gama shi tsakanin la'asar da magariba. Aka yashe rijiyoyi biyu, aka kewaye maƙabarta da ƙaya, aka yi rumfuna a bakin mashayar gulbi. Mutumin da a da ba a ko tambayar ra'ayinsa sai ga shi mataimakin shugaba, yana tafe yana gyara zaman hula. Mata suka raba girki unguwa-unguwa, tuwo bai sake ƙarewa ba. Ni kuwa kaina ya kumbura har ina jin tawa hular ta matse ni.

Baba ne ya zame mana matsala wurin rabon muƙamai. Ba a sa shi ƙarƙashin wanda aka haifa a gabansa. Ba a kuma ba shi shugabancin kwamitin hanya, a cewata, tunda ba ya karatun boko. Wannan shi ne dalilin da na faɗa a fili. Na cikin zuciyata kuwa shi ne Baba ba ya sauri, ni kuma ina sauri. Sai dabara ta zo mini, na ce a naɗa shi uban ƙungiya. Kowa ya yi na'am. Aka sa kafinta ya yi masa kujera mai hannu, ita kaɗai ce kujera a wurin taro, sauranmu a tabarma. Aikinsa ya buɗe taro da addu'a ya rufe da addu'a.

Ranar da aka zaunar da shi ya shafa hannun kujerar ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kun aza ni bisa kamar ango. To amarya hwa?" Aka kwashe da dariya. Na ɗauka ya ji daɗi. Sai dai kowane taro da fartanyarsa yake zuwa, ya tura ta ƙarƙashin kujera, in an tashi ya jawo ta ya koma da ita gida.

Shugaban kwamitin hanya wani sa'ana ne mai zafin nama, mai fataucin kifi. Burinsa ɗaya, mota ta shigo garinmu ranar kasuwa. Gadar giginya kuwa ba ta ɗaukar mota. Da aka yanke geron shekara ta biyu kwamitinsa ya zauna ya tsai da shawarar a cike ƙofar ruwa da duwatsu da marmara, a daɓe, kafin damina kuma a nemo bututun siminti a sa. Ya faɗi wannan a babban taro a gindin tsamiyar masallaci. Ina cikin rubutawa na ji kujera ta yi ƙara. Baba ne ya miƙe.

"Ɗana, ina da magana bisa ƙohwar ruwa," in ji shi.

Na san abin da ya kamata in yi. Amma idon jama'a na kaina, dokar tawa ce, kuma shekara guda ke nan ba a taɓa karya ta ba. Na ce, "Baba, maganag ga ta kwamitin hanya ta. A kai masu, su kawo ta nan."

"To ni wane kwamiti nike ciki?"

Wasu suka yi dariya, suna zaton wasa yake. Ni ma na yi murmushi na ce, "Ai kai uban kowa na, Baba. Ka hi ƙarhin kwamiti."

Ya tsaya yana dubana, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbatar ni ne. Sannan ya zauna. Da lokacin rufe taro ya yi na ce masa bismilla, ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a mai tsawo, har da roƙon Allah ya yi wa shugabanninmu jagora.

Washegari da hantsi ya zo gidana. Ya zauna a zaure ya yi mini bayani da Hausarsa mai nauyin Dendi, a hankali, yana zana ƙasa da tsinke. Ya ce in baƙin ruwa ya zo da ƙarfi bai samu ƙofa ba, ba komawa zai yi ba. Zai taru a bayan hanyar ya nemi wurin da ya fi gangare, wurin nan kuwa unguwar masunta ce. Na saurare shi da ladabi ina satar kallon agogo. Na buɗe littafi na rubuta a gabansa, don ya ga na ɗauki abin da muhimmanci: maganar uban ƙungiya a kan ruwa, a duba. Na kai wa shugaban hanya. Ya ce shekara uku ke nan ruwa bai leƙo wurin ba, tsofaffi dai ba su son sabon abu. Na ce haka ne. Maganar ba ta sake tashi ba. Layin nan yana cikin littafin har yau, ban taɓa soke shi ba.

Aka cike ƙofar. Aiki ne da ban taɓa ganin mai tsari irinsa ba, kowane kwamiti ya san wurinsa, ina busa usur ana sauya hannu. Kwana biyu aka yi ana zuba dutse ana daɓewa har wurin ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ranar kasuwar da ta biyo baya wata tsohuwar mota mai bodin katako ta ratsa fadama tana hayaƙi, ta zo ta tsaya a ƙofar masallaci. Mata suka yi ta guɗa. Ni ina tsaye a jikin ƙofar direba sai ka ce ni na ƙera ta. Na hango Baba a cikin jama'a yana tafi tare da kowa. Har yau ina tuna wannan tafin nasa.

Wata biyu bayan haka, tsakiyar sanyi, sama tas ba ko gajimare, Kwara ta fara tasowa. Baƙin ruwa ba ya hayaniya. Kullum da safe sai ka ga ya ci ɗan wuri, inda jiya yashi ne yau ruwa. Baba yana da wata sanda da ya kafa a bakin gulbi, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, da ita yake auna shi.

Ran Litinin da hantsi ina cikin aji, ina koya wa magidanta haɗa baƙi da wasali, sai na ga inuwa a ƙofa. Baba ne, ƙafafunsa duk laka. Bai shigo ba, ni na fita.

"Ɗana, ruwa ya wuce tsaga ta huɗu," ya ce. "Jibi shina cikin gidajenmu in ba a buɗe ƙohwag ga ba. Ka tara mani mutane yau."

Shugaban hanya ba ya gari, ya tafi Bahindi ta'aziyya, sai Alhamis zai dawo. Na aika aka kira mataimakinsa, ya ce shi ba ya rushe abin da shugabansa ya gina, a jira shi. Na juya wurin Baba na ce, "Baba, ba ni da ikon hwasa hanya ni ɗai. Ran Alhamis kwamiti na zama, maganarka ita ta hwarko."

"Ruwa ya san da Alhamis?" ya tambaye ni.

Usur ɗin na rataye a wuyana. Da na busa shi sau uku a ƙofar masallaci, kafin azahar da rabin gari na kan hanyar nan da diga, ba wanda zai tambaye ni wane kwamiti. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Kunya ce ta hana ni. Yaya za a ce hanyar da aka yi wa guɗa wata biyu da suka wuce, sakatare da kansa ya sa an fasa ta saboda sandar wani tsoho? In kuma ruwan bai zo ba fa? Na fake da doka, na koma aji.

Baba ya yi abin da ya sani. Ya cika aljihu da goro ya shiga gari gida-gida, wannan karon ba zama, daga tsaye. Mutane suka karɓe shi da girmamawa kamar kullum. Wannan ya ce shi ɗan kwamitin rijiya ne, ba a sa su aikin hanya ba. Wancan ya ce ba su ga takarda daga sakatare ba. Wani ya ce in shugabansu ya ce a fita, shi ne na farko. Ba mugunta ba ce. Shekara guda na yi ina koya musu kowa ya tsaya a wurinsa ya saurari shugabansa, sun kuwa koya sarai.

Ran Talata masunta kaɗai suka fita tare da shi, ba su kai goma ba. Da la'asar na kama hanyar fadama, na ce bari in je in gani. Daga nesa na hango su duƙe a kan daɓen da muka yi, suna sara fartanya na tsalle. Baba na tsakiyarsu ya tuɓe riga. A hannun dama ruwa ya kwanta baƙi ƙirin har gindin hanya, a hagu fadama a bushe. Na daɗe a tsaye a wurin. Da a ce na ƙarasa na karɓi fartanya ɗaya, wataƙila ba abin da zai canja ga ruwan, amma da Baba ya gan ni a gefensa. Na juya na koma gida.

Ran Laraba da rana tsaka ruwa ya shiga unguwar masunta ta baya. Ba da gudu ya shigo ba. Ya malalo ta ƙarƙashin danga ya kewaye ɗakuna, katangun ƙasa suka jiƙe daga tushe suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Rumbunan shinkafar da aka gama sussukewa suka kife a ciki. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Da labari ya iso cikin gari kuwa, duk garin ya kwarara can a guje, na rijiya da na abinci da na sanarwa, ba usur ba takarda. Ni na ɗauko ƙyauren ɗakin Baba a ka, ruwa har cinya. Muka yi kiciɓis da shi yana ɗauke da tarunsa na kamun kifi. Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki." Ya wuce.

Ran Alhamis shugaban hanya ya dawo, kuma Allah ya gani, sai da muka zauna taron kwamiti. Muna cikin gardamar ko a fasa hanyar ko a yi mata rami a gefe, wani ya zo ya ce mu huta, ruwa ya fasa ta da kansa. Daidai inda ƙofar take ya fasa, sai dai ya ninka faɗinta sau uku, ya kwashe duwatsunmu ya watsa su a fadama.

Muka ce za mu gina wa masunta gidajensu, muka kuwa gina, har da kafa wani sabon kwamiti don haka, tunda ba mu iya komai sai da shi. Baba ya yi godiya. Ya ce shi da matarsa za su ɗan zauna wurin 'yarsa da ke aure a wani ƙauye tsallaken iyaka, cikin Dahome, kafin ruwa ya janye. Ya loda abin da ya tsira a jirgi. Na kai masa kujerarsa bakin gulbi, ya ce a bar ta, jirgin ya cika. Ruwa ya janye, aka gina ɗakinsa aka yi masa sabon rufi, Baba bai dawo ba.

Hanyar mun gyara ta, muka bar ƙofa, muka jera giginya kamar da. Dokar nan ta magana ni da kaina na tashi a taro na ce a soke ta, ba wanda ya ja. Ƙungiyar ta ci gaba shekaru da dama, ta yi ayyukan da har yau nake alfahari da su. Amma zuwa wurin Baba ya gagare ni. Yau in ce aji, gobe in ce damina, har aka sake yanke gero. Sai da mahaifiyata ta ce mini wata safiya, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba, "Mutum ya riƙe hannunka zuwa makaranta, kai ba ka iya tuƙa jirgi ka tahi gare shi?" Washegari na tafi.

Tafiyar rabin yini ce a kan ruwa. A lokacin iyaka ba ta da wani tsanani, ka gaisa da jandarma a bakin mashaya ka wuce. Na same shi a gindin wata bishiya yana ɗinkin taru, ya ɗan rame. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo fura.

"Maraba da Malam Sakatare," ya ce. "Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa mutanen gida?"

Na ɗauka tsokana ce irin tasa, na jira dariyar, ba ta zo ba. Ya shiga tambayar mutanen garinmu gida-gida. Ya fara daga gidan liman ya gangaro ta unguwar maƙera, daidai yadda yake bi in yana kiran gayya, bai tsallake kowa ba. Wanda ya rasu ya yi masa addu'a, wadda ta haihu ya tambayi me aka samu. Da ya kai gidan ƙarshe na ajiye ƙwaryar fura na ce, "Baba, na zo neman gahwara. Ni na yi maka laihi, ba kwamiti ba. Ɗakinka na nan an gina. Ka dawo gida."

"Wallahi na yahe tun ran nan," ya ce. "Ba komi, Malam Sakatare. Kai ma gyara kaka so. Komawa kau, ka ga ƙahwahuna, ba su iya zagayen gari yanzu. Nan ma gulbin guda na."

Na ce ba sai ya zagaya ba, ya zo kawai ya zauna a cikinmu. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa: wata kujerar ce nake miƙa masa. Shi ma ya ji, ya yi ɗan murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da la'asar ya raka ni bakin ruwa. Ya ce in kafa sanda a inda tasa take, ya nuna mini da yatsu tazarar da ake bari tsakanin tsaga da tsaga. Ya ce in ruwa ya kai ta uku in tara mutane a share ƙofa, kar in jira ta huɗu. Na ce to, Baba. Na faɗi Baban da ƙarfi, na sake faɗa, ko zai mayar mini da tawa kalmar. Ya riƙe bakin jirgin har na zauna, sannan ya tura shi da hannu biyu yadda yake yi mini ina yaro.

"Allah shi kai ka lahiya, Malam Sakatare. Ka gai da tsohuwa."

Na yi ta waiwaye har na daina hango shi. Na koma sau biyu bayan wannan, kowane zuwa ya miƙe ya tarbe ni, ya sa a shimfiɗa sabuwar tabarma. A damina ta uku aka aiko mana da rasuwarsa. Sandar na kafa ta, shekara da shekaru ina duba ta kowace safiyar sanyi. Na yi 'ya'ya, na yi jikoki, an ce mini malam, an ce mini shugaba, yanzu kuma kowa Baba yake ce mini. Amma tun ranar Litinin ɗin nan da ya tsaya a ƙofar ajina da laka a ƙafa, ba wanda ya sake ce mini ɗana.